Yadda ake amfani da wasannin waya wajen taimaka wa yaron da karatu da rubutu ke yi wa wuya

Akwai yaron da za a ba shi labari sau ɗaya ya maimaita shi tsaf, ya iya lissafin canji a kanti, ya haddace surori da ka, amma da zarar an ajiye masa littafi an ce karanta sai ya daskare. Ya kai aji uku yana rikita b da d. Yau ya gane kalma, gobe ta zame masa baƙuwa. Idan aka yi shifta ya rubuta "haci" a maimakon "hanci". A gida a ce wasa ya yi masa yawa, a makaranta a kira shi daƙiƙi, daga nan bulala ta biyo baya. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba ƙiwuya ke damunsu ba, kuma basirarsu lafiya lau take. Abin da ke ba su wuya shi ne rarrabe ƙananan sautukan da ke cikin kalma, da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Idan wannan wahala ta yi tsanani ta kuma daɗe, masana na kiranta disleksiya. Tana bin jini a wasu iyalai, kuma ƙungiyar British Dyslexia Association ta Birtaniya tana ƙiyasta cewa tana shafar mutum 1 cikin 10.

Irin wannan yaro yana buƙatar maimaici mai yawan gaske, ninkin abin da sa'o'insa ke buƙata. A nan ne wasan waya ke da rana. Waya ba ta gajiya, ba ta tsaki, ba 'yan aji a gefe da za su fashe da dariya, kuma tana nuna kuskure nan take. Amma wasan bai isa ya koyar da yaro shi kaɗai ba. GraphoGame na cikin wasannin da aka fi yin bincike a kansu. Farfesa Heikki Lyytinen da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finland, bayan sun shafe shekaru suna bibiyar 'ya'yan iyalai masu tarihin disleksiya tun daga haihuwa. Duk da haka, da gidauniyar Education Endowment Foundation ta gwada nau'insa na Turanci a makarantun Ingila, rahoton da ya fito a 2018 bai nuna cewa yaran da suka yi wasan sun zarce waɗanda suka samu taimakon da aka saba ba su ba. Saboda haka duk abin da zai biyo baya a nan an gina shi ne a kan sharaɗi biyu: babba yana zaune kusa da yaron, kuma duk abin da aka yi a waya sai an sauko da shi kan allo ko takarda a wannan zaman.

Kafin a taɓa waya

A fara da kunne da ido. Yaron da ya sha fama da ciwon kunne mai ruwa yana iya jin magana amma ƙananan sautuka su riƙa kuɓuce masa. A tsaya a bayansa, kamar taku uku, a faɗi "kasa" da "ƙasa", "sawa" da "tsawa", da murya ta yau da kullum, a ce ya maimaita. Idan yana yawan cewa "na'am?" ko yana juyo da kunne ɗaya, asibiti za a fara zuwa. Haka wanda ke matse ido ko manna fuska a littafi. A kuma duba ko yana zuwa makaranta a kai a kai. Yaron da rashin lafiya irin sikila ke kwantar da shi makonni, ko wanda ke zaune a ajin da ya cika maƙil ba wanda ya taɓa sauraron karatunsa, wataƙila ba a koya masa ba ne tun farko. Wannan tsari zai amfane shi shi ma, kuma zai fi saurin kamawa. Juya harafi kuwa, wato rubuta b a wurin d, abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara 7, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

Gwajin ranar farko

Ba a sanin inda za a ɗora yaro a wasa sai an san inda ya tsaya. Gwajin bai fi minti 15 ba. A ce masa, "Zo mu ga abin da ka riga ka iya, ba jarrabawa ba ce."

Da farko ba takarda, kunne kawai. A tambaye shi da wane sauti "sama" ta fara. A ce ya tafa gaɓoɓin "makaranta", ya kamata a ji tafi huɗu: ma-ka-ran-ta. A faɗi "ta", "bar", "ma" a rarrabe, ya haɗa su. A ce ya cire "ka" daga "kaza" ya faɗi abin da ya rage. Tambaya goma irin wannan ta isa.

Sannan a ba shi takarda mai ƙananan haruffa 30 a cakuɗe, ba a jeren abacada ba, ya faɗi sautin kowanne cikin minti ɗaya. Idan ya tsaya a kan harafi ya kai daƙiƙa 3, a faɗa masa a wuce, a yi alama a takardar da ke hannun babba, ba wadda ke gabansa ba. Haka za a yi da gaɓoɓi 30: ma, ki, su, ɗo, ƙe. Daga nan kalmomi 10 na gaske, da wasu 10 na ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana, kamar nuɓo, zefi, ƙije. Kalmomin ƙirƙira sun fi komai fallasa matsalar, domin yaro mai kaifin hadda yakan gane "mota" daga siffarta kamar yadda yake gane hoto, amma "zefi" dole sai ya bi ta harafi bayan harafi. A rufe da shiftar kalmomi 10. A rubuta kwanan wata da sakamakon, a adana takardun, domin da su za a riƙa aunawa.

Idan ya faɗi a gwajin kunne, wasan baki zai fi yawa a makonnin farko. Idan kunne lafiya amma haruffa sun gagara, a fara wasan waya daga matakin haruffa. Idan ya san haruffa amma auren baƙi da wasali ne ke ba shi wuya, daga matakin gaɓoɓi za a kama.

Zaɓen wasa

Ga yaron da Hausa yake ji a gida, da Hausa ya kamata a fara. Rubutun boko na Hausa yana bin furuci sosai: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, abin da Turanci ba shi da shi. Yaron da ya gane sirrin haɗa sauti da harafi a harshen da yake tunani da shi zai ɗauki wannan sirri ya shiga wani harshe da shi.

Manhajar Feed the Monster tana da nau'in Hausa. An fara yin ta ne domin yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta, a wata gasa da gwamnatin Norway ta ɗauki nauyi, daga baya ƙungiyar Curious Learning ta mayar da ita harsuna da dama. Kyauta ce, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar data. Yaro yana jin sauti, ya jawo dutsen da ke ɗauke da harafin ya jefa a bakin wani ɗan dodo, dodon yana ci yana girma, ana hawa daga haruffa zuwa kalmomi. Wani bincike na Bankin Duniya a arewacin Najeriya ya yi amfani da ita tare da littattafan Global Digital Library a wayoyin da aka ba iyalai. Domin littattafan karantawa kuma akwai African Storybook da StoryWeaver da Bloom Reader, dukansu suna da labaran Hausa.

Kowane wasa aka samu, babba ya fara buga shi na minti goma shi kaɗai, yana neman aibinsa. Ya kashe sauti ya ga ko za a iya cin wasan a haka. Idan ana iya ci, to daidaita siffofi kawai yake koyarwa, ba karatu ba. Ya rufe ido ya riƙa taɓa fuskar wayar barkatai. Idan aka ci gaba da hawa mataki, yaro ma zai gano haka cikin kwana biyu. Ya yi kuskure da gangan ya ga me zai faru: wasa mai kyau yana maimaita sautin, ya nuna amsar, sannan ya sake kawo wannan harafin nan gaba kaɗan. Wanda ke yin wata ƙara mai ban tsoro ya wuce bai koyar da komai ba. Ya lura ko hoto yana tona amsa, domin idan ga hoton akuya ga kalma ɗaya tilo mai farawa da a, ba karatu aka yi ba. Ya saurari muryar: ta mutum ce mai jin Hausa, ko ta na'ura ce da ke furta ƙ kamar k? Ya duba ko ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa daidai, domin a wasu manhajojin akwati ke fitowa a gurbinsu, ko a cire musu ƙugiya gaba ɗaya. Wasan da ke cire ƙugiya a goge shi, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Haka mai talla da ke faɗowa ana tsakiyar aiki.

Shirya wayar

A sauke komai tukuna, sannan a kashe data a sa wayar a yanayin jirgin sama, don kada kira ko saƙo ya katse zaman. A kafe manhajar a fuskar waya ta yadda yaro ba zai iya fita zuwa bidiyo ba. A Android ana samun wannan a saitin tsaro da sunan App pinning ko Screen pinning, a iPhone kuma Guided Access. Idan gidan da hayaniya, a sa iyafis, kunne ɗaya na yaro ɗaya na babba, domin bambancin d da ɗ yana ɓacewa a ƙaramar lasifika idan janareta na ruri. A jingina wayar a kwance a kan tabarma ko tebur, hannuwansa biyu su zama a sake. Allo da alli, ko littafin rubutu da fensir, su kasance a gefe tun kafin a kunna.

Wani abu da ake yawan mantawa: matakin da wasan ya kai na wannan yaron ne shi kaɗai. Idan yayarsa ta karɓi wayar da dare ta haye matakai goma, washegari zai tarar da abin da ya fi ƙarfinsa, ya ɗauka shi ne ya koma baya. Idan manhajar tana ba da damar buɗe suna fiye da ɗaya, kowa ya samu nasa. Idan ba ta bayarwa, a hana kowa taɓa ta.

Zaman kullum

Minti 20 zuwa 25, kwana biyar a mako. Gajeren zama kullum ya fi doguwar tirka ranar Asabar, domin abin da ake so shi ne sauti da harafi su manne har su daina buƙatar tunani, kuma wannan ba ya samuwa sai da maimaici mai tazara. A zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba yana shigowa daga makaranta ba, ba kuma dab da barci ba. A tsayar da lokaci ɗaya a riƙe shi.

Minti 3 na farko na baki ne, waya a kife. "Faɗa min abu uku masu farawa da mmm." "Canza sautin farko na 'rana' ya koma g." Sai minti 10 na wasa. Sai minti 5 zuwa 7 na rubutu da hannu. Sai minti 3 zuwa 5 na karanta jimloli ko ɗan labari.

A cikin minti goman wasa doka ɗaya ce ba a sassautawa: a faɗa kafin a taɓa. Yaro ya ji sautin, ya maimaita shi da bakinsa a fili, sannan yatsa ya motsa. Wannan ke rage gudu, ya kashe caccanka, ya kuma sa kunne da baki da ido su yi aiki tare. Babba ya zauna a gefensa, ba gaba da gaba ba, hannunsa kuma kada ya kai ga wayar. Idan yaro ya tsaya, a ƙirga biyar a zuci kafin a ce komai. Yawancinmu mukan yi gaggawar ba da amsa saboda tausayi, alhali a cikin wannan shirun ne ƙwaƙwalwarsa ke aiki. Idan ya yi kuskure, ba sai an ce "a'a" ko "ba haka ba ne". A ce, "Saurara, sss. Faɗa. Yawwa, nuna min shi." Da zafi-zafi akan daki ƙarfe: gyaran da aka yi a take shi ke zama. Yabo kuma ya kasance a kan abin da ya yi: "Ka tsaya ka duba ƙugiyar kafin ka zaɓa, madalla."

Babba ya riƙa ƙirgawa a ɓoye. Abin da ake nema shi ne yaro ya ci kamar 8 cikin 10. Idan bai kai 6 ba, matakin ya yi masa tsauri, a koma baya ba tare da sanarwa ba. Idan yana cinye goma kwana uku a jere, a matsa gaba. Haruffan da ya faɗi a kansu a rubuta su, su ne kayan aikin minti biyar na gaba.

Idan minti goma ta cika a tsaya, ko da yana roƙo. A gaya masa tun farko cewa ƙararrawa za ta kaɗa, a saita ta a gabansa. Tashi da sauran marmari shi ke dawo da shi gobe.

Daga waya zuwa allo

Zaɓar harafi daga cikin uku ko huɗu da ke fuskar waya abu ne mai sauƙi. Fito da shi daga ka a kan farar takarda wani aiki ne dabam, kuma shi ake tambaya a aji. Shi ya sa ake samun yaro ya ƙure wasa amma shifta tana nan jiya i yau.

A ɗauki sautukan da aka yi a wasan yau, a faɗa, ya rubuta yana furtawa. Ga wanda hannunsa ke rawa a fensir, a zuba yashi a faranti ya rubuta da yatsa. Sannan a zana akwatuna a jere, a ba shi ƙwayar wake ko tsakuwa. A faɗi "hanci", ya tura wake ɗaya cikin akwati a kan kowane sauti: h, a, n, c, i, biyar ke nan. Bayan nan ya cire kowane wake ya rubuta harafin a gurbinsa. Da wannan ake kama n ɗin da ke ɓacewa. Dalilin ɓacewarta shi ne n ko m a ƙarshen gaɓa tana narkewa cikin baƙin da ke biye da ita: ta "kanti" a bayan haƙora ake yin ta, ta "banki" can cikin ganɗa, ta "tambaya" kuma da leɓɓa. Kunnen yaron yana jin ta kamar wani ɓangare na wasalin. A sa ya toshe hancinsa da yatsu ya faɗi "hanci", zai ji inda sautin ya maƙale, nan ne gurbin waken.

Tagwayen baƙaƙe, irin sh, ts, ky, kw, gw da ƙw, akwati ɗaya suke shiga. "Tsuntsu" haruffa bakwai ne amma sauti biyar: ts, u, n, ts, u. A rubuta su da alƙalamin maka a kan murfin kwalbar lemo guda ɗaya, ta yadda zai riƙa ɗaukar "ts" a matsayin abu guda. Murafun lemo 40 sun isa a yi abacadar gida gaba ɗaya, wasula a murafai masu launi dabam.

Baƙi mai nanatuwa ma yana wahalar da su: baba da babba, daba da dabba, kala da kalla. A raba kalmar da tafi, bab-ba, a sa ya lura cewa leɓɓansa sun daɗe a rufe kafin su buɗe. Kalmomi irin "gari" na zama da "gari" na tuwo kuwa ba laifin yaro ba ne idan ya rikice, rubutunmu ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Irin waɗannan a cikin jimla ake ba da su. Batun raba kalma da haɗewa, "ya ce" da "yana", a bar shi sai can gaba, domin manya ma suna tuntuɓe a wurin.

Jerin haruffa, da rigimar b, d, ɓ, ɗ

Idan makarantarsa tana bin wani tsari, kamar littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, ko na RANA a Katsina da Zamfara, a tambayi malaminsa jerin da suke bi a daidaita da shi. Idan babu, a fara da a, sannan n, m, s, waɗanda ake iya ja da baki, sai k. Da waɗannan biyar kaɗai yaro zai karanta nama, sama, masa, kasa, mama a makon farko ko na biyu, kuma ganin ya karanta kalma ta gaske da kansa yana ɗaga masa gwiwa fiye da duk taurarin da wasa ke rabawa. Sabon harafi biyu ko uku a mako ya isa. Idan jerin wasan ya saɓa da wannan, a bi na wasan a waya, a yi amfani da lokacin allo wajen gina kalmomi da abin da ya riga ya sani.

Yaron Turawa haruffa biyu suka fi rikita shi, b da d. Namu huɗu ne, kuma biyu daga ciki ƙugiya ce kawai ta raba su da 'yan'uwansu. Kada a koyar da su tare. A zaunar da b sosai, a bar aƙalla mako biyu kafin d ta shigo, masu ƙugiya kuma sai waɗannan sun kafu. A haɗa kowanne da motsin baki da na hannu. A b leɓɓa a rufe suke, kamar sanda, don haka sanda ake fara ja sannan tumbi. A d baki a buɗe yake, harshe na bayan haƙora, don haka tumbi ake fara zagayawa sannan sanda. Idan hannu ya saba da hanyoyi biyu mabambanta, shi zai riƙa tuna wa ido. Ga masu ƙugiya, ya ɗora yatsu a maƙogwaronsa: a ɓ da ɗ zai ji maƙoshi ya yi ƙasa, a ƙ da ts ya yi sama. Ya duba madubi ko kyamarar gaba ta waya yana faɗin bari da ɓari, daka da ɗaka, kafa da ƙafa, baki da baƙi.

Idan wasan ya kawo b da d a fuska ɗaya tun bai shirya ba, a tsallake wannan matakin ko babba ya taya shi wucewa, a dawo daga baya.

Za a iya haɗa masa wasa na kansa a kan haruffan da suka fi ba shi wuya. A ɗauki muryar mahaifiyarsa tana faɗin kalmomi goma, da tazarar daƙiƙa 10 tsakaninsu, ya riƙa kunnawa yana ɗaga murfin da ya dace ko yana rubutawa. Malamin da ke da kwamfuta zai iya amfani da Bloom, manhajar haɗa littattafai ta ƙungiyar SIL mai aikin harsuna, ya rubuta ƙananan littattafai da haruffan da aka koya kaɗai, ya sa musu murya, ya tura wa iyaye su buɗe a Bloom Reader. Idan ana so ya yi shifta a waya, a saka Hausa a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, domin samun haruffa masu ƙugiya, a kuma kashe gyaran kalma da hasashen kalma, in ba haka ba kibod ne zai yi rubutun.

Karatun labari

A zaɓi littafin da ba ya kuskuren fiye da kalma 1 cikin 10. Idan mai murya ne, ya saurara sau ɗaya yana bin kalmomi da yatsa, sannan a kashe muryar ya karanta. Shafi ɗaya a karanta shi kwana uku a jere, a ɗauki muryarsa ranar farko da ta uku, a kunna masa ya ji bambancin da kunnensa. Idan ya kalli hoto ya canki kalma, a rufe hoton da hannu a ce, "Fara daga harafin farko." Da dare kuma a karanta masa labarin da ya fi ƙarfin karatunsa, ko a yi masa tatsuniya, don kada wahalar haruffa ta hana shi tara kalmomi da son labari.

Idan harsuna sun haɗu

Yaro ɗaya yana karanta Larabci daga dama a Islamiyya, Turanci ko Faransanci daga hagu a boko, ga Hausa. A sa ɗigo kore a gefen hagu na allonsa, daga nan ake tashi. Babbar matsalar tana wajen wasula. Sunan harafin e a Turanci yana fita kamar i ta Hausa, sunan i kuma kamar "ai", don haka idan aka ce "rubuta i" bai san wanne ake nufi ba. Haka c: a Hausa ta "ciki" ce, a Turanci da Faransanci k ce ko s. A zaman Hausa a yi amfani da sauti kawai, a ajiye sunayen haruffa na waƙar abacada. A ware littafin rubutu dabam ga kowane harshe, kuma kada a haɗa wasan Hausa da na Turanci a zama ɗaya. Idan ya fara karanta kalmomin Hausa masu gaɓa biyu da uku ba tare da tsayawa ba, a shigo da wasan Turanci mai koyar da sauti, irin Teach Your Monster to Read, ko Nessy wanda aka tsara musamman domin masu disleksiya amma na kuɗi ne. A yi musu wancan gwajin na minti goma su ma. A sa rai tafiyar za ta fi jinkiri, domin a Turanci harafi ɗaya yana iya ɗaukar sautuka da dama.

Aunawa

Duk bayan mako biyu a maimaita gwajin minti ɗaya na haruffa da gaɓoɓi, a canza jerinsu, a kawo sababbin kalmomin ƙirƙira da sabuwar shifta. Da kansa na baya za a gwada shi, ba da ƙaninsa ko ɗan maƙwabta ba. Matakin da ya kai a wasa ba ma'auni ba ne, takarda ce ma'auni. Idan wasa na hawa takarda na tsaye, a rage waya zuwa minti 5 a ƙara wa allo. Idan daidai yake karantawa amma a hankali, ci gaba ne, sauri yakan zo a baya, kuma ga mai disleksiya yakan daɗe bai zo ba. Idan ya fara ɓuya ko ciwon ciki idan lokacin zama ya yi, a gajarta zaman, a koma matakin da yake ci, a kuma bincika ko ana dukansa a kan karatu a wani wuri.

Idan an yi mako 12 ana zama yadda ya kamata kuma lambobin ba su motsa ba, a nemi ƙwararre. Akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ta ido. A tafi da takardun gwajin duka da kwanakinsu, da littafin shiftarsa ba tare da an goge kurakuran ba, da muryoyin da aka ɗauka, da jerin haruffan da suka ƙi zama. A kuma kai wa malamin ajinsa kwafi, a roƙe shi abu uku: ya zaunar da shi a gaba, ya daina tayar da shi karatu a gaban aji ba shiri, ya kuma ƙara masa lokaci a shifta da jarrabawa, ko ya yi masa wasu tambayoyin da baki.